Daga Barga Zuwa Fili: Abin da Zai Raya Ƙwallon Dawakin Katsina Bayan Shekara Ɗari

Ƙwallon dawaki, wato folo, ya haura shekara ɗari a Katsina. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, shi ya share masa fili a farkon shekarun 1920, bayan tafiyarsa ta aikin Hajji ta 1921 wadda ta bi da shi ta Ingila. Tun daga nan an yi sarakuna huɗu a gidan: Dikko har zuwa 1944, Usman Nagogo zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman zuwa 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman da ke kan karaga yanzu, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya juya wa filin folo baya. A wannan tsawon lokaci Turawa sun tafi, En'e ta rushe, an raba Jihar Arewa, an yi yaƙin basasa, an ciro Jihar Katsina daga Kaduna a 1987, amma duk shekara ana sa ran ganin 'yan wasan Kano da Kaduna da Zariya da Legas sun sauke dawakinsu a birnin Dikko don neman Kofin Najeriya da Kofin Janar Hassan. Abu kaɗan ne a ƙasar nan ya yi irin wannan nisan kwana. Sai dai wanda ya riƙe gasar har ta kawo yau, wato gidan sarauta da 'yan tsirarun masu hali, ba zai iya kai ta wata shekara ɗarin shi kaɗai ba. Abin da za ta rayu da shi nan gaba yana cikin barga, a hannun yaran da ke ɗaure sirdi, kuma yana can garuruwan dawaki irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ba a cika ambatarsu ba in ana hirar folo.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a ba gidan Dikko haƙƙinsa. Hafsoshin Ingila ne suka kawo wasan Legas a 1904, daga baya suka kai shi Kaduna, inda aka fara fafatawa a kan Kofin Georgian a 1919. A lokacin wasan bariki ne, na Turawa tsakaninsu, baƙar fata sai dai ya riƙe linzami a gefen fili. Dikko ne ya karya wannan shinge da ya ɗora 'ya'yansa a kan dawaki ya ba su sanda, kuma ba a jima ba 'yan Katsina suka fara cin Turawan a wasan da su suka zo da shi. Usman Nagogo, wanda aka haifa a 1905, ya kai daraja ta 7 a ma'aunin gwanintar folo da ke farawa daga ƙasa da sifili ya tsaya a 10, matsayin da har yau ake kafa misali da shi a Najeriya. Ɗansa Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966, ya ci gaba da buga wasan har kusan ƙarshen rayuwarsa a 1995. Wannan duka gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma a lura da abin da Dikko ya yi a zahiri: ya ɗauki wasan da aka keɓe wa wasu mutane ƙalilan ya shigo da waɗanda aka hana. Gadon da ya bari ke nan, kuma wanda ya ce yana bin sawunsa, buɗe ƙofa ta gaba ce aikinsa.

Domin a ga yadda buɗe ƙofa ke raya gasa, babu misalin da ya fi na golf a ƙasar Japan, wasan da shi ma baƙi suka kai, kuma ya fara a matsayin abin masu kuɗi. Wani ɗan kasuwa Bature, Arthur Groom, shi ya buɗe filin golf na farko a ƙasar, a kan dutsen Rokko kusa da Kobe, a 1903. An kafa ƙungiyar golf ta ƙasa a 1924, aka fara gasar ƙwararru ta Japan PGA a 1926, sannan babbar gasar Japan Open a 1927, a filin Hodogaya da ke Yokohama. Wanda ya ci Japan Open ta farko, Rokuro Akaboshi, ɗan gidan masu arziki ne da ya koyo wasan a Amurka, yana buga shi don sha'awa. Daga shi sai aka shekara 95 kafin wani wanda ba sana'arsa ba ce ya sake cin gasar, a 2022. Su wa suka cike wannan tsawon zamani? Da farko dai yaran da ke ɗaukar wa masu gida jakar sanduna ne. Tomekichi Miyamoto, wanda ya ci gasar ƙwararru ta 1926 kuma ya ɗauki Japan Open sau shida, abin da ba a taɓa wucewa ba, dakon sanduna ya fara yi yana yaro a filin Rokko. Torakichi Nakamura shi ma ɗan dako ne a Hodogaya. A 1957 shi da Koichi Ono suka ci Kofin Kanada, gasar ƙasashen duniya, a filin Kasumigaseki, suka bar tawagar Amurka mai ɗauke da Sam Snead a baya, mutanen Japan suna kallo a talabijin. Daga wannan shekara golf ya zama abin da ma'aikacin ofis da ɗan makaranta ke marmari, kuma zaren bai tsinke ba har Hideki Matsuyama ya ci gasar Masters a Amurka a 2021.

Japan Open ta sha wuya. An dakatar da ita daga 1942 har 1949 saboda yaƙin duniya, an mai da filaye da yawa gonaki, ƙasar ta fito daga yaƙin ba ta da komai. A 1950 gasar ta dawo, kuma ta iya dawowa ne saboda akwai mutanen da wasan ya zama abincinsu, suna nan da ransu suna jiran a buɗe fili. A kwatanta da gasar Bridgestone Open, wadda kamfanin taya ya ɗauki nauyinta tun 1972. Ta yi kusan shekara hamsin tana da kuɗi da suna, amma da kamfanin ya sauya shawara, bayan wasan 2021 sai ta rufe. Misalin da ya fi kusa da mu yana Legas. Gasar golf ta Nigerian Open, wadda aka fara a 1969 kuma aka fi yi a kulob ɗin Ikoyi, ta taɓa zama matattarar ƙwararrun Turai a lokacin da sanyi ke hana su wasa a gida. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989, dukansu kafin su zama manyan taurarin duniya. Da jadawalin Turai ya canza, naira ta faɗi, masu ɗaukar nauyi suka janye, zuwa ƙarshen shekarun 1990 gasar ta yi shiru. Gwanayenta baƙi ne, kuɗinta na kamfanoni, masu kallonta 'yan kulob. Da baƙin suka ɗauke ƙafa ba a samu isassun 'yan gida da za su ce ba mu yarda ta mutu ba.

Gasar Katsina ba ta kai ga wannan haɗari ba tukuna, domin tana da abin da Ikoyi ba ta da shi, wato fada da jama'ar gari masu son doki tun kaka da kakanni. Amma alamun suna nan ga mai son gani. Manyan kofunan folo a Najeriya yau, wanda ya fi dawakin Ajantina da ƙwararrun haya daga Ajantina ko Afirka ta Kudu shi ya fi kusa da su. Tun da aka buɗe filin Fifth Chukker a Kangimi kusa da Kaduna a farkon shekarun 2000, bankuna da kamfanoni suka shigo, wasan ya ƙara kyau da tsari, ya kuma ƙara tsada. Dokin da aka sayo da dala, ana yi masa magani da dala, in ya mutu da dala za a maye gurbinsa. Duk ranar da canji ya tashi, adadin waɗanda za su iya shiga fili raguwa yake yi. Gasar da ta dogara da mutum goma ko ashirin masu iya wannan ɗawainiya tana tsaye ne a kan lafiyar kasuwancinsu da kuma ko 'ya'yansu za su gaji sha'awar, abin da babu uban da ke da tabbacinsa.

A nan ne kudancin jihar ke shigowa. Doki ba ya cin suna. Dawa yake ci da dusa da harawa, ya lashi kanwa, kuma a Jihar Katsina ƙasar da ta fi samun damina mai kauri ita ce ta shiyyar Funtuwa: Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Bakori, Ƙanƙara, Malumfashi. Can ne rumbun masara da dawa da wake, can ne kasuwar Sheme da ta yi suna da dabbobi. Kuma ba abinci kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko hawan Bariki a Katsina ya san ayarin hakimai ne ke cika hawan, kowane da mahayansa daga ƙasarsa, Sarkin Pauwa daga Ƙanƙara da takwarorinsa na Faskari da Sabuwa a cikinsu. A gidajen hakimai da dagatai da attajiran ƙauye ake da turke, a can yaro ke tashi ya san bambancin akawal da kili, ya san dokin da ke ciwon ciki tun kafin ya kwanta, ya iya sukuwa ba sirdi ba likkafa. Mafi wuyar abin da ake koya wa ɗan folo shi ne zama daram a kan doki yana gudu, ya juya shi da ƙafa hannunsa na aikin sanda. Yaron da ya yi kilisa a Faskari tun yana ɗan shekara goma ya riga ya gama wannan aji. Sanda da dokokin wasa kawai suka rage masa.

Babbar suka da za a yi wa wannan magana ita ce ta rashin dacewar lokaci, kuma suka ce mai nauyi. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Yunin shekarar an yi kisan gilla a Kadisau ta ƙasar Faskari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna ciki. Sabuwa na iyaka da dazukan Birnin Gwari, kuma manomanta sun san abin da ake nufi da barin gona saboda tsoro. Ita kanta masarauta ta taɓa soke hawan Sallah a 2019 don alhinin halin da talakawanta ke ciki. Mutumin da aka kora daga garinsa, aka kore masa shanu, zai iya tambaya da gaskiyarsa: ana ta rai wa ke ta ƙwallon dawaki? Ba wanda zai ce folo zai kori 'yan bindiga daga daji, kuma duk wanda ya faɗi haka yaudara yake yi. Tsaro aikin hukuma ne, kuma shi ne farko. Amma tsayar da harbi ba ya mai da gari yadda yake. Saurayin da ya taso cikin shekarun nan ya ga cewa wanda ke da babur da bindiga shi ake tsoro, shi ake kira zaman sulhu. Yana bukatar ya ga wata hanyar da namiji ke yin suna a gaban jama'a, a tafa masa, ya koma gida da abin sawa a aljihu ta halal. Kiwon doki da horar da shi, ɗinkin sirdi, ƙirar linzami, sayar da harawa, duk sana'o'i ne da ƙasar ta sani, kuma gasa ce ke samar masu da kasuwa mai ɗorewa.

Suka ta biyu ta fi shiga cikin wasan kansa. Za a ce kwatanta folo da golf zalunci ne, domin ɗan dakon Japan sanda ɗaya ya aro ya koya da yamma bayan masu gida sun tashi, shi kuwa folo mutum huɗu ne a kowane ɓangare, kowane zango minti bakwai, kuma a babban wasa ba a barin doki ya yi zango biyu a jere, saboda haka ɗan wasa ɗaya sai da dawaki da dama. Wannan haka yake. Sai dai tarihin wasan bai nuna cewa tsadar ta hana talaka ba. Turawan Ingila sun koyi folon zamani ne a tsakiyar ƙarni na 19 daga mutanen Manipur a arewa maso gabashin Indiya, inda ƙauye da ƙauye ke karawa a kan ƙananan dawakinsu na gida. Ajantina, wadda gasarta ta ƙasa ta faro tun 1893 kuma ta fi kowa gwanaye a yau, ƙarfinta ya fito ne daga gandayen kiwo, inda mai gida da masu kula da dawakinsa ke buga wasa tare, yara suna tashi da sanda a hannu. A folo ba dole ne mahayi ya mallaki doki ba. Mai gida ne ke da barga, ƙwararre ya hau. A Najeriya ma an sha ganin yaron barga ya zama ɗan wasan da ake nema, musamman a Kano da Kaduna da Katsina. Matsalar ita ce hakan na faruwa ne bisa sa'a, in yaro ya dace da ubangida mai kirki da ya lura da shi. Abin da Japan ta yi daban shi ne ta mai da sa'ar tsari: tun 1926 aka ware wa irin waɗannan yara gasarsu, da kofinsu, da kuɗinsu, ba sai sun jira alfarmar kowa ba.

Akwai kuma masu cewa dokin gida ba zai iya ba, wai bai kai na Ajantina tsawo da gudu da saurin juyi ba. A manyan kofuna wannan gaskiya ce a halin yanzu. Amma Nagogo ya kai darajarsa ta 7 a zamanin da ba a fara jigilar dawaki daga Kudancin Amurka ba, a kan dawakin da ake samu nan da Chadi da Sudan da Nijar. Shi kansa dokin Ajantina ba daga sama ya faɗo ba. Dokin ƙauyensu suka yi ta haɗawa da dokin tsere na Ingila, suna zaɓen iri shekara da shekaru, suna rubuta asalin kowace goɗiya. Mu kuwa muna da sashen likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ƙofa da ƙofa da yankin da ake magana, amma doki bai samu kulawar da saniya da kaza suka samu ba. Ba wanda zai kashe kuɗi ya gyara irin doki in babu inda za a gwada shi a biya shi. Kofin da aka keɓe wa dawakin gida, mai kyauta da za ta sa makiyayi ya ga riba, shi zai fara jawo wannan aiki, kuma ƙananan kofunan da ake bugawa a gasannin ƙasar nan sun nuna dokin gida na iya ba da wasa mai daɗin kallo.

Wata damuwar ba a cika furta ta a fili ba, amma tana nan: tsoron kada wasan sarakuna ya zube, kada ɗan talaka ya ture ɗan sarki a gaban jama'a. A fili kam dole a yi gogayya, kafaɗa da kafaɗa, doki da doki, domin dokar wasan ta yarda da haka. Amma wannan shi ne ainihin abin da ya faru a shekarun 1920, lokacin da 'ya'yan Dikko suka fara gogar hafsoshin Turawa masu mulkin ƙasa, kuma martabar wasan ƙaruwa ta yi. Sarauta a ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa hanyar girmama gwanin doki ko daga ina ya fito ba. Shamaki da Madawaki muƙamai ne da suka samo tushe daga barga da rundunar mahaya, kuma ba gadon jini ya fara samar da su ba. Fadar da ta san wannan tarihi ba ta da dalilin jin tsoron mahayi daga Sabuwa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin masarauta da kulob ɗin Katsina da gwamnatin jiha ba, kuma bai kai kuɗin dokin Ajantina biyu ko uku ba. A sanya kofi na dindindin a cikin gasar shekara wanda yaran barga da mahayan gundumomi kaɗai za su buga, a kan dawakin gida, kowane hakimi ya kawo tawagarsa kamar yadda yake kawowa hawan Sallah. A yi wasannin share fage a inda tsaro ya ba da dama, ko da a Funtuwa ko Malumfashi ne da farko, har ranar da za a iya share fili a Ƙanƙara da Faskari. A riƙa ba waɗannan yara daraja a hukumance a ƙarƙashin ƙungiyar folo ta ƙasa, domin daraja ita ce takardar shaidar da ɗan wasa ke neman aiki da ita a Kano ko Legas ko Fatakwal. Kuma a fara adana tarihi. Mai son sanin wanda ya ci Japan Open a kowace shekara tun 1927, da filin da aka buga, da yawan bugun da ya yi, zai samu cikin minti ɗaya. Gasar Katsina ta cancanci irin wannan kundi da Hausa, mai ɗauke da sunayen tawagogi da 'yan wasa da dawakin da suka yi fice, har da sunayen waɗanda suka yi kiwonsu, tun da sauran dattawan da suka ga Nagogo a kan doki da idonsu.